Yadda za ka samu soket mai araha don haɗa ƙarin kayan wuta da makunnan a-kori-kura

Duk wanda ke tuƙa a-kori-kura tsakanin Katsina da ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san cewa fitilar da mota ta zo da ita ba ta wadatarwa idan dare ya yi a hanyar gona, musamman lokacin hunturu da hazo ke rufe gaba. Shi ya sa masu irin waɗannan motoci ke ƙara doguwar fitila a saman gilashi, ko fitilar aiki a bayan bodi, ko ƙaramin injin ba taya iska, wasu ma har da firji saboda magani ko allurar dabbobi. Kamfanonin ƙera motoci sun san da wannan buƙata, don haka wasu motocin ke zuwa da jerin makunnai na ƙari waɗanda aka rubuta wa AUX 1, AUX 2 da sauransu, an riga an sa musu rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke tayarwa don ya saki babbar wuta, da fiyus tun daga masana'anta. Manyan motocin Ford Super Duty daga ƙirar 2017 suna da guda 6, Jeep Gladiator tana da guda 4, biyu masu ɗaukar amfiya 40 biyu masu amfiya 15. Abin da ke rage wa mai mota shi ne haɗa wayar kayansa da bakin waɗannan makunnai, kuma a nan ne kuɗi ke salwanta, domin ɗan soket ɗin roba da ke haɗa waya da waya, wanda bai kai girman babban yatsa ba, sai a sa masa farashin da zai sa mutum ya sake kallonsa sau biyu.

Abin da ya kamata a fahimta tun daga farko shi ne, kamfanin da ya ƙera motar ba shi ne ya ƙera soket ɗin ba. Toyota na amfani da na Yazaki da Sumitomo, motocin Amurka kuma na cike da na Aptiv, wanda aka sani da Delphi har zuwa ƙarshen 2017, da na TE Connectivity, wanda ya sayi kamfanin Deutsch a 2012. Idan soket ya shiga leda mai tambarin kamfanin mota, aka liƙa masa guntuwar waya, farashinsa ya tashi, alhali shi ne dai wanda ake sayarwa tsurarsa da lambar ainihin maƙerinsa. Saboda haka neman araha a wannan aiki neman sunan soket ne na gaskiya, ba neman jabu ba.

Matakin farko: duba ko ma kana buƙatar soket ɗin kamfani

Buɗe bonet ka nemi inda wayoyin makunnan suka ƙare, kana riƙe da littafin motar domin shi ne ke nuna launin kowace waya da ƙarfin fiyus ɗinta. Za ka tarar da ɗayan abubuwa uku. A motocin Ford da Jeep da aka ambata, wayoyi ne yankakku kawai, an toshe bakinsu an naɗe su a gefe. Idan haka taka take, babu wani soket na musamman da ya zama dole ka saya, kowane mai kyau da ya dace da ƙarfin wutar zai yi. A wasu kuma, kamar manyan motocin Ram, soket ne a ƙarƙashin bonet yake jiran abokinsa, kuma a nan ne ake buƙatar bincike. Na uku shi ne halin da yawancinmu muke ciki a Katsina, wato Hilux wadda guraben makunnai ne kawai a toshe da roba a jikin dashbod, babu rile babu waya. Mai wannan sai ya gina layin da kansa, kuma zan dawo kansa.

Wata shawara da wasu masu rewaya ke bayarwa ita ce a yanke soket ɗin kamfanin gaba ɗaya a murɗa waya da waya a naɗe da salatif. Ban goyi bayan wannan ba. Idan aka yanke, an rage wa motar daraja ranar sayarwa, kuma murɗaɗɗiyar waya ba ta jure girgizar hanya irin ta ƙauyukan Jibiya ko Mai'aduwa. Idan har ya zama dole a yanke, a bar wa soket ɗin jelar waya mai ɗan tsawo a adana shi, don a iya mayar da shi.

Mataki na biyu: lissafin wuta kafin zuwa kasuwa

Mutane da yawa kan tsallake wannan mataki, shi ya sa suke sayen soket sau biyu. Lissafin ba shi da wuya: raba wat ɗin da aka rubuta a jikin kayan da 12, abin da ya fito shi ne amfiyar da zai ja. Doguwar fitila mai wat 120 na jan kusan amfiya 10, fitilun aiki biyu masu wat 27 kowacce na jan amfiya 4 da rabi, injin ba taya iska kuwa yakan wuce amfiya 20, kuma a daidai lokacin tashinsa yana fizgar fiye da haka. Abin da aka rubuta a kwalin fitilu masu araha ba kullum yake gaskiya ba, don haka idan kana da mita mai auna amfiya, haɗa fitilar da batir ka auna da kanka. Bayan ka samu adadin, ƙara masa kashi ɗaya cikin huɗu a matsayin rara, sannan ka tabbata makunnin da ka zaɓa ya ɗauki wannan adadi, soket ɗin ma haka, wayar ma haka. Rarar tana da muhimmanci a wurinmu fiye da ƙasashe masu sanyi, domin a watan Afrilu zafin Katsina kan haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet, kuma soket da ya riga ya ɗauki zafi ba ya jure wutar da aka rubuta masa.

Winci, wato injin jan mota da igiya, ba ya shiga wannan lissafi. Yana jan ɗaruruwan amfiya, kuma kai tsaye yake haɗuwa da batir da kebul mai kauri. Makunnin ƙari iyakarsa ya ba shi umarni.

Mataki na uku: gano sunan soket ɗin

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ya cancanci a ba shi lokaci. Cire kan batir na negatif tukuna. Zare soket ɗin, ka goge shi da tsumma, ka haska shi da tocila ta gefe, domin rubutun da ke jikinsa ƙanana ne kuma a jikin robar aka zuba su. Abin da kake nema shi ne tambarin maƙeri da lamba. Rubutu irin su PA66 ko PBT ba lambar soket ba ne, sunan irin robar ne, kada su ruɗe ka. A soket ɗin Toyota yawanci akwai lamba mai alƙaluma 5, idan ka sa 90980 a gabanta ka samu cikakkiyar lambar gidan soket ɗin, wadda za ka iya nema da ita a intanet ko ka ba mai shago. Gajerun wayoyin gyara masu haƙori a baki, wato ɗan ƙarfen cikin soket da wuta ke bi, kuma lambarsu na farawa da 82998. Na Ford da ake sayarwa da jelar waya a ƙarƙashin sunan Motorcraft lambarsu na farawa da WPT.

Idan babu lamba ko ta goge, sai a koma awo. Ƙirga haƙoran, ka lura ko jeri ɗaya ne ko biyu, ko zagayayyu ne ko masu faɗi, ka auna faɗin haƙorin namiji da ma'auni mai baki irin na masu juya ƙarfe. Faɗin ne ke faɗa maka dangin soket ɗin. A dangin Metri-Pack na Aptiv, lambar suna ita ce faɗin: 150 milimita 1.5 ne kuma yana ɗaukar amfiya 14, 280 milimita 2.8 ne yana ɗaukar 30, 630 kuma milimita 6.3 ne yana ɗaukar 46. A na Japan, wanda ake kira 090 faɗinsa milimita 2.3, 187 milimita 4.8, 250 kuma milimita 6.3. Daga nan sai ka lura da ƙananan layukan da suka ɗago a jikin robar, waɗanda ke hana soket shiga inda ba nasa ba. Soket biyu na iya zama iri ɗaya sak a ido, ɗaya toka-toka ɗaya baƙi, amma layukan sun bambanta, don haka launi ba ado ba ne, alama ce. Ɗauki hoto ta fuska, ta baya da ta gefe, da kwabo ko rula a kusa don a ga girmansa. Idan soket ɗin yana da murfin toshiya da ke cirewa, tafi da murfin kasuwa, domin shi ne ainihin siffar abin da kake nema, ya fi kowane hoto.

Duk soket ko waya da ka ga an yi wa launin rawaya mai haske a ƙarƙashin dashbod ko kujera, na jakar iskar kariya ne. Kada ka taɓa shi, kada ka sa masa mita.

Mataki na huɗu: inda ake samu, da abin da za a saya a kowane wuri

Soket kashi uku ne: gidan roba, haƙoran ƙarfe, da 'yan robobin da ke hana ruwa da ƙura shiga. A wasu akwai na huɗu, wato ɗan makullin da ke danne haƙora. A ganina, araha a gidan roba ake nemanta, ba a haƙori ba, domin ta haƙori wuta ke bi, kuma shi ne ke zafi idan bai kama da kyau ba.

Wuri na farko da ya kamata ka fara shi ne wajen masu kayan kwance. Tsohuwar wayar mota da aka kwance daga motar da ta yi haɗari cike take da soket na asali, kuma sau da yawa mai kayan ba ya ɗaukarsu da daraja kamar injin ko giya. Idan ba a samu a Katsina ko Daura ba, Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna sun fi yawan kaya, akwai kuma Ladipo ta Legas. Ba sai daga irin motarka za a ciro ba, tunda soket ɗaya kan bayyana a motoci daban-daban, a jikin fankar radiyeta ko fitilar hazo ko famfon mai. Ka ce wa mai kayan, “Maigida, a yanko mini namiji da mace tare, a bar musu waya kamar taƙi guda.” Kafin ka biya, lanƙwasa harshen da ke kulle soket ɗin a hankali, idan rana ta cinye robar za ka ji ta bushe tana shirin karyewa. Leƙa cikin haƙoran, idan ka ga kore-kore ko baƙin ƙuna ka ajiye masa abinsa.

Wuri na biyu shi ne manyan dillalan kayan lantarki na intanet irin su Mouser, Digi-Key da RS, inda ake sayar da gida daban, haƙori daban, kowanne da lambar maƙerinsa. Kayansu na asali ne, amma kuɗin aikowa zuwa Najeriya na iya ninka kuɗin kayan, don haka ba ya biya sai idan mutane da dama sun haɗa oda ɗaya, ko kuma gareji ne mai aiki da yawa. Na uku su ne AliExpress, Jumia da Jiji, inda kwaikwayo ya fi yawa. Gidan roba na kwaikwayo sau da yawa yana aiki daidai, kuma hanyar da na fi so ita ce a sayi gidan a can, a sa masa haƙora na asali.

Ga wanda wayoyinsa yankakku ne, ko mai Hilux da ke gina layi sabo, shawarata ita ce ya zaɓi dangi ɗaya ya tsaya a kai, don filaya ɗaya da haƙora iri ɗaya su wadatar da shi. Deutsch DT shi ne ya fi yawa a jikin fitilun ƙari, yana ɗaukar amfiya 13 a kowane haƙori, yayansa DTP yana ɗaukar 25, ƙanensa DTM kuma 7.5. Mai haƙori biyu lambarsa DT06-2S da DT04-2P, makullansu W2S da W2P. Kamfanin Amphenol yana yin dangin AT wanda ke shiga cikin DT daidai, kuma yawanci ya fi sauƙin kuɗi ba tare da ya zama jabu ba. A wasu dangogin kuma, Weather Pack na ɗaukar amfiya 20, Superseal 1.5 kuma 14. Firji ko inbata da ake cirewa ana mayarwa a bayan bodi sun fi dacewa da Anderson SB50 mai amfiya 50.

Mataki na biyar: gwada abin da ka sayo

Na taɓa sayen fakitin soket a wani shago, an ce mini na asali ne, na haɗa fitilar sama da shi. Kafin sati biyu, a hanyar dawowa daga Daura da dare, fitilar ta fara ƙiftawa, da na tsaya na taɓa soket ɗin sai na ji robar ta yi laushi kamar ƙaro. Haƙoran baƙin ƙarfe ne aka shafa musu ruwan kwano. Da na sa musu maganaɗisu tun a shagon da ban saya ba, domin tagulla da jan ƙarfe ba sa bin maganaɗisu. A haƙorin namiji ake wannan gwaji, saboda wasu haƙoran mace na asali suna da ɗan zoben ƙarfe a baki. Gwaji na biyu shi ne ka zura namiji ɗaya cikin mace ɗaya a waje da gidan roba, ka juya su ƙasa. Idan namijin ya zame ya faɗi da nauyinsa, kamun ba shi da ƙarfi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to a nan ƙuna ma take yi, kuma lissafi ya nuna dalili: haɗi mai sako-sako da ke da turjiyar om 0.05 kacal, idan amfiya 20 ta bi ta cikinsa, zai fitar da zafin wat 20 a wurin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Wayar ma a gwada ta. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, wadda ke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe zalla ke ɗauka, kuma tana saurin karyewa. Kankare silin da reza, idan cikinsa fari ne ka bar ta. Game da kauri, waya mai lamba 14 ta Amurka kusan milimita murabba'i 2 ce, mai lamba 12 kusan 3.3, mai lamba 10 kusan 5.3. Tsawo ma na cin wuta: amfiya 10 a kan waya mai milimita murabba'i 2.5 da ta yi mita 10 zuwa da dawowa na asarar kusan bolt 0.7, idan aka koma mai 4 asarar ta sauka ƙasa da rabin bolt. Don haka abin da zai je bayan bodi a ƙara masa kauri.

Mataki na shida: haɗawa

Filayar matse haƙori ita ce kayan aikin da bai kamata a yi rowarsa ba, kuma ta gama-gari ba ta maye gurbinta. Idan ba za ka saya ba, kai wa mai rewaya da ke da ita ya matse maka. Fara zura robar hana ruwa a jikin waya kafin ka feƙe ta, domin mantawa da ita na nufin sake yanke haƙori. Feƙe daidai tsawon wurin matsewa ba tare da ka yanke sili ko ɗaya ba, ka matse fikafikan gaba a kan jan ƙarfen, na baya kuma a kan robar. Ja wayar da ƙarfi da hannu. Idan ta zare, gara ta zare yanzu da ta zare a daji. Tura haƙorin cikin gida har ka ji ya ce ƙas, sannan ka sa makulli, ramin da ba a yi amfani da shi ba kuma a toshe shi da 'yar toshiyarsa saboda ƙurar hunturu da ruwan damina. Ban cika son zuba dalma a haƙori ba, domin tana bin silin waya ta sandarar da ita, sai ta karye a daidai inda dalmar ta tsaya. Ka kuma sa ɓangaren mace a wayar da ke ɗauke da wuta, don idan an zare soket babu tsirarar ƙarfe da zai taɓa jikin mota.

Idan soket ɗin kwance ka samo mai jelar waya, haɗa jelar da taka da ɗan bututun matsewa mai roba mai tsukewa da zafi. Launinsu na nuna girma: ja na waya daga milimita murabba'i 0.5 zuwa 1.5, shuɗi daga 1.5 zuwa 2.5, rawaya daga 4 zuwa 6.

Mai Hilux kuwa ga tsarinsa. Makunnin dashbod ba zai ɗauki wutar fitila ba, rile zai tayar. Ƙafar rile mai lamba 30 ta tafi batir ta cikin fiyus da aka sa kusa da kan batir iyakar iyawa, 87 ta tafi fitila, 86 ta fito daga makunni, 85 ta tafi jikin mota. Makunnin ya ɗauki wutarsa daga layin da ke mutuwa idan an kashe mota, don kada a manta fitila a kunne a wayi gari batir ya kwanta. Fiyus wayar yake karewa, saboda haka kada ya fi ƙarfinta. Jan fiyus amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Al'adar nan ta ɗaura silin waya a gurbin fiyus da ya ƙone ita ce hanya mafi sauri ta ƙona mota.

Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa robar rami, a zura ta cikin bututun roba mai tsaga, a ɗaure ta nesa da salansa da fanka da sandar sitiyari, a kuma ajiye soket ɗin a kwance ko bakin wayarsa na kallon ƙasa don kada ruwa ya taru. Wayar negatif a ɗaure ta da kusa mai noti a wurin da aka kankare fenti.

Mayar da kan batir, ka tayar da mota, ka auna: batir ya kamata ya nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Kunna makunnin, ka auna a bakin fitilar, bambancin kada ya wuce rabin bolt da yawa. Bar ta a kunne minti 15, sannan ka bi layin da hannu tun daga fiyus har zuwa fitila, kana taɓa kowane haɗi. Ɗumi kaɗan ba laifi ba ne, amma wurin da ya fi sauran zafi a sake matse shi ko a canza haƙorinsa nan take. Bayan tafiyar farko a hanya mai gargada, sake buɗe bonet ka duba ɗaurin da soket ɗin, ka rubuta lambarsa da ƙarfin fiyus ɗin a bangon littafin motar.